Azumin da Na Ɓuya a Cikinsa

An kawo ni Wudil a farkon damina, shekarar da ta gabaci mulkin kai, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shaidar gama makarantar 'yan mata. A Kano muke zaune tun ina shekara bakwai. Can mahaifiyata ta rasu, bayan na yi jinyarta wata biyar. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba aka yi wa mahaifina, wanda malamin gona ne, canjin wurin aiki zuwa wajen Adamawa. Ya ce ba zai kai ni inda bai san kowa ba. Saboda haka aka sauke ni a gidan yayansa, wanda muke kira Baffa, in zauna har takardar da za ta tura ni koyarwa ta iso.

Baffa ya sa an share mini ɗaki an shafe shi da farar ƙasa. Har tebur da kujera ya sa kafinta ya yi mini. Tagar ɗakin ƙarama ce, amma idan na yi ɗage ina hango wani yanki na kogi, da kwalekwalen masunta suna wucewa a hankali kamar ba su da inda za su.

Matar Baffa, wadda muke kira Inna, gajeruwa ce mai sanyin murya. Ta goya ni ina jaririya, an sha ba ni labari. Amma tun ranar da na sauka take kirana Malama, kuma idan za ta yi mini magana sai ta ɗan sunkuyar da kai.

A yammacin farko matan gidan suka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar tsakar gida, suka kewaye babban akushi na tuwon dawa da miyar kuka. Na wanke hannu na nufo su. A bakin ƙofar ɗakina Inna ta tare ni, ɗauke da sabuwar langa mai murfi, mai zanen jajayen furanni, an ɗora cokali a kai an rufe da farin ƙyalle.

"Malama, ga naki," in ji ta. "An ce ku a can a kan tebur kuke ci, kowa da kwanonsa. Na sa an sayo tun kasuwar da ta wuce."

Ban san wanda ya gaya mata haka ba. A makaranta mu shida ne a kwano ɗaya, muna ture hannun juna a kan nama. A gida kuwa ban taɓa cin abinci ba sai da hannun mahaifiyata a cikin kwanon, tana turo mini ɓangaren da ya huce. Ko da ciwo ya ci ƙarfinta, takan sa yatsa biyu don dai kada in ci ni kaɗai. Duk wannan yana bakina. Amma na dubi langar, na dubi fuskar Inna da take jiran ta ga ko ta burge ni, sai na durƙusa na karɓa da hannu biyu na ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri."

Na zauna a kan kujera na buɗe murfin. Ban taɓa sanin cokali yana da ƙara haka ba. Duk lokacin da ya taɓa langar sai ɗakin ya amsa. A waje ana dariya, wata tana cewa wata ta cinye mata ɓangarenta. Na kai loma uku, na mayar da murfin.

Haka aka yi mako biyu, safe da rana da yamma. Sai na tuna ana bina ramuwar azumi ta kwana shida. Na ce wa Inna, "Gobe ina azumi." Washegari hantsi ya yi, azahar ta yi, ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da langa. Na ji wani sauƙi da na daɗe ban ji ba. Da ramuwar ta ƙare na kama Litinin da Alhamis. Na ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Kafin gero ya fitar da kai, ranakun da nake azumi sun fi waɗanda ba na yi yawa nesa ba kusa ba.

Ba zan yi wa azumin butulci ba, da farko ya yi mini rana. Tun a makaranta nake fama da kumburin ciki da ƙwarnafi bayan cin abinci, suka tafi. Ciwon kan da ke kama ni da la'asar ya daina zuwa. Jikina ya yi sakayau, tunanina ya washe kamar ruwan randa da ya kwana. Nakan zauna da littafi in karanta shafi ɗaya sau ɗaya ya zauna. Malamar da ta koya mana kiwon lafiya ta taɓa cewa ciki ma yana son hutu kamar kowace gaɓa, na riƙe wannan magana ina maimaita wa kaina. Kuma idan yunwa ta yi tsanani da yamma, sai in ji kamar na matsa kusa da mahaifiyata, kamar labule ɗaya ne ya rage a tsakaninmu. In yi mata addu'a in daɗe.

Mutane suka fara yabo. Na ji Baffa a zaure yana ce wa abokansa, "Ga boko ga addini, ba ta bar ko ɗaya ba." Matan maƙwabta idan sun shigo sukan rage murya a kusa da ɗakina. Yabon ya ƙara mini katanga a kan wadda nake da ita.

Amma magariba ba ta fasa yi, langa kuma ba ta fasa zuwa. In sha ruwa, in ci dabino ɗaya, in taɓa abincin sau biyu ko uku, in mayar da murfin. Ta ƙofa nakan hango Inna a madafa tana buɗewa. Takan daɗe tana kallon ciki. Sai abincin ya fara canzawa. Tuwo ya koma shinkafa. Shinkafa ta koma burodi daga tasha da shayi mai madarar gwangwani. Wata rana har ƙwai ta soya mini, a gidan da ake tara ƙwai don ƙyanƙyasa. Kullum abin da ke cikin langata yana ƙara nisa da abin da ke cikin akushinsu, ni kuma ina ƙara kasa ci.

Awarwaron mahaifiyata da nake sawa ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ina ƙara ninka bakin zanina. Sauƙin nan na farko ya tafi, jiri ya maye gurbinsa. Idan na miƙe daga sujada sai na dafa bango. Na san ina ƙarewa a hankali, na kuma san ba ibada ce kaɗai ke riƙe da ni ba, amma ban san ta inda zan fito ba. Wadda aka yaba da azumi, da wane baki za ta ce langa take gudu?

Mutum ɗaya ce ba ta kirana Malama, kakata ta wajen uwa. A Achika take zaune, kuma duk Juma'a, ranar kasuwar Wudil, takan taho da ƙafa ɗauke da kwandon daddawa. Da damina aikin gona ya riƙe ta, sai da aka fara girbi ta dawo zuwa. Tsohuwa ce siririya, wuyanta a miƙe, haƙoranta duk suna nan. Tun kafin a haifi mahaifiyata take azumin Litinin da Alhamis, kuma ta ce shi ya sa har yau gwiwarta ba ta san ciwo ba.

Ranar da ta fara ganina ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama.

"Ke 'yar boko, mijina ne ya ce ya fi son siririya kika kama rama? Ai ya mutu, ki huta."

Na yi dariya na ce, "Azumi nake, Kaka. Ba ke kika ce lafiya ne ba?"

"Na ce. Ni nawa idan an kira salla kunun tsamiya nake sha cikin ƙwarya, in bi da tuwo, ni da maƙwabciyata muna gulmar surukanmu. Ke naki da me kike buɗewa? Da takarda?"

Na ce ina ci. Ta dube ni ta gefen ido, ta ɗauki kwandonta, don rana ta yi kuma tana da tafiya a gabanta.

Juma'ar da ta biyo baya ita ce ranar husufin. Ina azumi, kwana na biyar a jere. Maza duk sun tafi masallaci. Kaka ta sayar da daddawarta da wuri ta shigo shan ruwa, ina jin ita da Inna suna gaisawa, ana tambayar mutanen Achika ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Ni ina kwance a kan tabarma don zama ya fara yi mini wuya.

Hasken da ke shigowa ta taga ne ya fara canzawa. Ya yi ja-ja, ya dushe, kamar tsohuwar tasa da ba a goge ba. Na ɗauka idona ne, na ce jirin ya kai inda zai kai. Sai na ji shanu suna kuka daga wajen kara, kasuwar shanu, da yawa a lokaci ɗaya. Iska mai sanyi ta shigo, irin wadda ba ta da hurumi da tsakar rana. Sannan wata mata a bayan katanga ta ƙwala ihu, "La'ilaha illallahu! Rana ta yi zazzaɓi!"

Na dafa bango na fito. Babu gajimare ko ɗaya a sama, amma tsakar gidan ta yi kamar ana shirin magariba. Kaji sun taru a bakin akurki suna waige-waige. A lungu yara sun fara dukan gwangwani da tsofaffin kwanoni, wai su tsorata abin da ya kama rana ya sake ta. Wata a maƙwabta tana buga taɓarya a turmin da ba komai a ciki.

"A zubo ruwa a baƙin akushi," in ji Kaka. "Kada wadda ta ɗaga kai sama."

Aka kawo akushin tuwon gidan, aka cika shi da ruwa aka ajiye a fili. Da ruwan ya natsu muka leƙa. Ga rana a ciki, an cinye fiye da rabinta, ta koma kamar jinjirin wata. Matan suka ja da baya suna salati. Ni kuma na gane abin. An taɓa nuna mana a aji da fitila da lemo da ƙwallo. Na ce musu kada su daɗe suna kallo ko a ruwan ne, yana ɓata ido. Na ja su gindin tsamiya na nuna musu ƙasa. Duk ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye ya zama ɗan jinjirin wata, ɗaruruwansu, a kan tabarma, a kan turmi, a kan ƙafafunmu. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamar wannan ba.

Na ce, "Ba abin da ya sami rana. Wata ne ya gitta tsakaninmu da ita. Tana nan a bayansa lafiya lau. In an jima zai wuce."

Kaka ta ce, "To, malamar taurari. Shi watan wa ya aiko shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fuskanci gabas ta ɗaga hannu. Daga masallacin Juma'a muna jin muryar mutane ta tashi gaba ɗaya kamar ruwa ya taso. Daga baya Baffa ya gaya mana liman ya ja su sallar husufi mai tsawo, ya kuma ce musu wannan ba ya faruwa don an haifi wani ko don wani ya mutu, aya ce da Allah yake tunatar da bayinsa da ita, a yi salla, a yi sadaka, a nemi gafara. Matan gidanmu ba su ji huɗubar ba, amma sun san abin yi. Aka jiƙa gero don gumbar sadaka. Sannan suka fara abin da ake yi a garinmu idan rana ko wata ya kamu, don ba wanda ya san ko tashin duniya ne. Kowacce ta nufi 'yar'uwarta tana cewa a yafe mata. Wadda ta zagi wata a bakin rijiya, wadda ta ari allura ta ɓatar, duk aka fito da su. Ana kuka ana rungumar juna.

Ina jingine da tsamiya ina kallo, kamar yadda na saba kallonsu. Ba wadda ta taɓa yi mini laifi, ba wadda na taɓa yi wa. Ko faɗan da zan nemi gafararsa ba ni da shi da kowa a gidan. Wannan ya fi komai ciwo a raina a wannan lokacin.

Sai na ga Inna ta nufo ni, hannunta duk garin gero. Ta durƙusa a gabana. Matar da ta goya ni, a ƙasa, ni a tsaye. Na zube na kama kafaɗunta.

"Inna, don Allah ki tashi!"

"Bari in faɗa, Malama, kada duniya ta tashi da shi a cikina. Uwarki amana ta bar mana. Na san girkina na ƙauye ne, ba irin wanda kika saba ba. Na gwada shinkafa, na gwada burodi, na rasa abin da kuke ci. Kina ramewa a hannuna ina gani. In na gaza, ki yafe mini. Ki faɗi abin da kike so, ko a Kano yake zan sa Baffanki ya sayo."

Wata huɗu ke nan tana buɗe murfin nan tana ganin laifin kanta, ni kuma ina ɗaki ina jin yabo. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kuka ya zo mini, maganar ta fito tare da shi.

"Tuwonki nake so, Inna. Tun ranar farko shi nake so. Ba na iya ci ni kaɗai. Ban taɓa ci ni kaɗai ba. A cikin akushin nan nake so in sa hannu."

Ta buɗe baki tana kallona. "Akushinmu? Da yara da majina da komai?"

"Da komai."

"To langar fa? An ce..."

"Wa ya ce?" Kaka ce, ta juyo daga addu'arta. "Ku dubi ikon Allah. Wannan ta karanta takarda har ta san hanyar wata a sama, amma ta kasa cewa a matsa mata a tabarma. Ke kuma, uwar gida guda, yarinyar da kika wanke wa kashi kike durƙusa wa kina Malama, Malama. Sai da aka rufe muku rana tukuna. Da ba a rufe ba sai dai mu zo jana'iza."

"Iya, wallahi girmamawa ce," in ji Inna, tana share ido da bakin mayafi.

"Na sani. Girmamawar ce ta kusa kashe mini jika."

Wata daga cikin matan ta fashe da dariya, hawaye a fuskarta, sauran suka bi. Ba mu lura da lokacin da haske ya fara dawowa ba. Zakara ne ya yi cara kamar asuba, muka duba ƙasa, 'yan jinjirin watan nan suna ƙiba suna komawa da'ira. A lungu yara suka sa shewa, sun tabbata gwangwaninsu ne ya yi aiki.

Ranar nan Kaka ba ta koma Achika ba. Ta ce in ƙarasa azumina tun da na ɗauka, amma ita za ta ga yadda ake buɗe shi. Da aka kira magariba ta ba ni kunun tsamiya mai ɗumi, ta ce in sha a hankali, cikin da ya daɗe a rufe ba a banko masa ƙofa. Aka zubar da ruwan akushin a gindin tsamiya, aka kwashe tuwo a cikinsa. Inna ta matsa ta yi mini wuri a gefenta. Miyar kukar ta ji daddawar Achika. Ina cikin ci na ga hannun Inna yana turo mini ɓangaren da ya huce. Ban ɗago kai ba, don kada su ga idona.

Kaka ta yanke mini doka a gaban kowa: Litinin da Alhamis, ba ƙari, kuma ba buɗa-baki a bayan ƙofa. Cokalin ya koma madafa ana ɗiban gishiri da shi. Inna ta yi kwana uku tana tuntuɓe da Malama kafin bakinta ya saba da sunana.

Kwana ashirin da uku na yi ina ci a wannan akushi. Na ƙirga su. Har faɗa na yi da wata a kan ƙashin kifi. Sannan takardar ta iso, aka tura ni wani gari mai nisan kwana guda a mota, inda aka ba ni ɗaki ɗaya a bayan makaranta, da tebur da kujera. Da nake haɗa kaya Inna ta sa mini langar a akwati, ta ce ko ba komai zan zuba gishiri.

A cikinta nake ci yanzu, don ba ni da wata. Ina azumin Litinin da Alhamis, jikina yana jin daɗinsa, awarwaron ya koma wuyan hannu ya zauna. Akwai wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli a bayan katangarmu. A makon farko na tsaya a ƙofarta na ce ko za ta riƙa zuwa mu sha ruwa tare. Takan zo. Wani lokaci kuma tana ƙauye wajen 'yarta, sai magariba ta same ni ni kaɗai. A irin wannan rana nakan fitar da tabarma bakin ƙofa, inda nake jin hayaniyar gidan maƙwabta, in buɗe murfin, in wanke hannu, in cinye duka.